Baturen Da Ya Binne Mini Ɗa a Littafi

Ni ba mai karatu ba ne. Firamare ma ban gama ba, daga allo sai tasha, daga tasha sai sitiyari. Wani likita ne ya taho da ni Ingila ina tuƙa shi da iyalinsa. Shi ya gama abin da ya kawo shi ya koma gida, ni na maƙale a Manchester. Na yi taksi har bayana ya ce ya gaji, sannan na koma aikin care, wato kula da tsofaffi a gidajensu. Ka yi musu wanka, ka ba su magani, ka dafa abincin da za su ture. Ta wannan hanya na shiga gidan marubucin da zan ba da labarinsa.

Matar ofishinmu ta ce mini tsoho ne, idonsa ya kusa tafiya, ƙafa ɗaya ba ta ɗaukarsa, kuma ya kori duk waɗanda aka tura kafin ni. Ta ce wai babban mutum ne, ana karanta littattafansa a uni, wato jami'a. Na ce Allah ya ƙara masa girma, ni dai a nuna mini inda ake ajiye makulli.

Gidan yana bayan Rusholme. In ka sauka daga bus a Wilmslow Road sai ka bar ƙamshin gashin nama a bayanka, ka shiga layukan da ba kowa. Dogon gida ne na jan bulo, ciki duk warin danshi da tsohuwar takarda. Littattafai har kan matattakala. A ɗakin cin abinci akwai dogon tebur da kujeru kewaye da shi, amma ɗaya an juya ta tana kallon bango. Ranar farko na kai hannu zan gyara ta, sai na ji murya daga bakin ƙofa: "Bar ta yadda take." Mutumin da aka ce ba ya gani. Na bar ta.

Bai kore ni ba. Daga baya ya ce wai don ba na yi masa magana kamar jariri ne. Gaskiyar ita ce Turancina bai kai na lallashi ba.

Tarihinsa a guntu-guntu na tsinta, yawanci in ina yi masa aski ko yankan farce. A Birmingham aka haife shi, ubansa ma'aikacin masana'antar ƙarfe, gidansu ba littafi ko ɗaya. Karatu ne ya fito da shi, ya zo Manchester ya koyar, ya yi aure, ba su haihu ba. An yi lokacin da ake kiransa rediyo da talabijin, aka kuma yi lokacin da aka daina. Yanzu sai dai wani ɗalibi ya bugo waya ya jero tambaya mai tsawon gaske, tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce masa "ban sani ba", ya ajiye.

Na taɓa tambayarsa wane irin labari yake rubutawa, na soyayya ko na yaƙi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shi bai yarda da labarin da ke tafiya a miƙe ba, don bai taɓa ganin rayuwar da ta tafi haka ba. A wani littafinsa, in ji shi, sai ka kai tsakiya ka saba da mutanen, sannan shi da kansa ya shigo ya gaya maka cewa birnin da suke ciki bai taɓa zuwa ba, a taswira ya gani, taswirar ma ta wani gari ce daban. A wani kuma mai ba da labarin yana ta komawa baya yana gyara abin da ya faɗa, har ka rasa wa ya auri wa. Na ce masa a garinmu mai irin wannan labari ko yara watsewa za su yi su bar shi. Ya ce nan ma haka suka yi.

Amma wanda ya fi yi masa suna shi ne littafin teburin. Wasu iyali ne suna cin abincin ranar Lahadi. Babi na biyu, abincin nan ne dai, hirar nan ce dai, sai dai mutum ɗaya babu, kuma ba wanda ya tambaya ina yake. Babi na gaba, wani ya ragu. Haka har babin ƙarshe, inda ba kowa sai tebur da ƙarar cokula. Mutanen gidansa ya kwasa ya zuba a ciki: uwarsa, yayansa, wani amininsa, matarsa.

"Kuma yadda na cire su a littafin, haka suka bi juna a waje," ya ce. Ina riƙe da reza a lokacin. "'Yan jarida sun ji daɗin wannan. Shirme ne. Da mafi tsufa na fara, kowa ya san tsoho ke riga tafiya."

Na ci gaba da aski.

"Ban da matata," ya ce. "Ita ba ta tsufa ba. Na cire ta ne kawai don babin yana buƙatar mace ta ragu."

Ban tambaye shi kujerar wa ke kallon bango ba.

Ni Musulmi ne, na san rai a hannun Allah yake, ba a hannun wani tsoho mai ciwon ƙafa ba. Amma na tashi a inda ba a yi wa mutum mugun baki ko da wasa, inda ake wanke rubutu a sha don a warke. Wanda ya sha rubutu yana yaro ba zai ce maka rubutu ba komai ba ne. Daga ranar, duk sanda zan ratsa ɗakin teburin sai na yi addu'a a zuci. In ina jera cokula a aljihun tebur kuwa, ɗaya-ɗaya nake ajiye su don kar su yi ƙara.

Tunda ido ya ƙi, da baki yake rubutu. Yana da 'yar rakoda mai jar wuta. Bayan abincin rana sai ya zauna a bakin teburin ya danna ya yi ta magana, ƙarshen mako wata mata ta zo ta karɓa ta buga. Har alamomin rubutu da baki yake faɗa. Ina kicin ina wanke-wanke sai in ji "comma", can kuma in ji "full stop". Ya ce wannan shi ne littafinsa na ƙarshe, kuma ina ciki. Na ce ya yi yadda ya ga dama, in dai ba zai sa ni shan giya ba.

Saboda haka ya yi ta tambayata. Garinmu, zaman tasha, matata, me nake buɗa baki da shi da azumi. Na ba shi labarin 'ya'yana mata biyu har da sunayensu, wadda take nas da wadda ba ta jin magana. Wata rana ya ce, "Namiji fa? Ba ka da ɗa namiji?"

Na ce, "Akwai na fari."

"Sunansa?"

Na ɗauki kofinsa na ce shayin ya huce.

Da aka kwana biyu ya sake tayar da maganar. Na ce masa da guntun Turancina, "Wannan ba ma maganarsa." Sai ya lalubo hannuna ya riƙe, ya yi ta cewa sorry, ya ce ba zai sake tambaya ba. Na ji daɗi. Na ce a raina ashe Baturen nan ya san kunya.

Bahaushe ba ya buƙatar in yi masa dogon bayani. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ya ci. Kunya biyu ta haɗu a kan mutum ɗaya. Ubana bai taɓa kiran sunan yayana ba har ya koma ga Allah, kuma ba wanda ya ce ba ya sonsa. Tsohuwata ta raɗa wa yaron wani laƙabi muna kiransa da shi, komai lafiya, har ya shiga sakandare yara suka mayar da laƙabin abin tsokana. Ya dawo gida wata rana ya ce daga yau kar wanda ya sake kiransa haka, yana da suna. Uwarsa ta sami mafita, ta ari "love" ɗin matan Manchester tana kiransa da shi. Ni na rasa. Sai "kai", sai "yaron nan", ko in yi gyaran murya ya waiwayo. A haka ya girma, ya koyi gyaran lift, injin nan na hawa bene, ya koma Birmingham da zama. Ba mu yi faɗa ba. Uwarsa yake kira, ta miƙo mini waya, in ce "kana lafiya", ya ce "lafiya, Baba", in mayar mata.

Cikin wannan ba abin da na taɓa faɗa wa tsohon. Ban taɓa ce masa ina da kowa a Birmingham ba. A riƙe wannan.

Lokacin sanyi ne, irin ranakun da ana idar da la'asar gari ya fara duhu. Ina kicin ina goge tukunya. Na ji yana maganar wani mutum mai ciwon baya da ke hawo bus daga Hulme, unguwarmu, yana salla a ɗakin wanki tsakanin inji da kwando. Na ce to, yau ni ake yi. Na rage famfo.

Turancin littafi ba duka nake kamawa ba, amma wannan a fili ya faɗe shi, a hankali, kamar mai karanta sanarwa. Mutumin yana da ɗan fari. Ɗan yana zaune a Lozells, wata unguwa a Birmingham, a wani layi mai gidaje manne da juna. Wata rana da yamma ya taso daga aiki ya bi ta bakin canal, tsohuwar hanyar ruwan nan da ta ratsa garin. Ba wanda ya ture shi. Ba wanda ya gani. Ruwan ya buɗe ya rufe, comma, kamar ba a taɓa shi ba, full stop. Tun daga ranar uban bai sake faɗar sunansa ba, full stop.

Tukunyar ta suɓuce ta faɗi. Ban san lokacin da na isa bakin teburin ba, hannuna duk kumfa.

"Kashe abin nan," na ce.

Ya kashe.

"Wa ya gaya maka Lozells?"

"Ba kowa. Can aka haife ni. In ina neman inda zan ajiye gawa, gida nake komawa." Ya karkato kai wajena. "Me ya faru?"

"Yaron yana da rai. A Lozells yake."

Na ga hannunsa yana laluben gefen tebur. Sannan ya ce, "Ka ce ba kwa maganarsa."

"Don ɗan fari ne! Ba don ya mutu ba!"

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani, Turanci ya ƙi. Ya ce wato shi ka fi so, shi ya sa ba ka kiransa? Na ce ba maganar fi so ba ce, haka dai ake yi. Na ce ya goge.

Nan na ga halin marubuci. Sai cewa ya yi, "Na yi shekaru ban yi babi mai kyan wannan ba." Ya ce ai ba ɗana ba ne, ɗan wani mutum ne da ya ƙirƙira. Na ce mutumin da ka ƙirƙira da bayana yake ciwo, a ɗakin wankinka yake salla. Na nuna masa kujerar da ke kallon bango. Na manta ba ya gani, amma ya san inda na nuna.

"Gogewa ba ta aiki," ya ce a hankali. "Na gwada. Da za a sake buga littafin teburin na ce a cire babin matata. Lokacin ta riga ta kwanta asibiti." Ya shafa rakodar. "Abin da zan iya shi ne in ci gaba. A littafina mutum yana iya fitowa daga ruwa, ba mai hana ni. Amma sai an kira shi. Yaron nan ba shi da suna, shi ya sa ya faɗa da sauƙi. Ba ni sunan."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sunan ya ƙi fita. Na ba shi maganin yamma, na ɗauki kwat ɗina na fita.

A bus na kira wayar yaron da kaina, abin da ban saba ba. Ba ta shiga ba. Na sake. Muryar mace ta inji ta ce in bar saƙo. In ce me? Ko sallama ban iya yi ba. A gida uwarsa ta ce, "Malam, ka san shi da waya. Yana cikin ramin lift, ina zai ji?" Ta ƙara dubana ta ce, "Ko wani abu ka gani?" Na ce ciwon bayan nan ne ya motsa.

Da safe na gaya wa ofis ba ni da lafiya, na hau coach, doguwar motar da ke zuwa Birmingham.

Ban taɓa zuwa gidansa ba. Uwarsa da ƙannensa ke zuwa, ni in ce aiki. Uba ba ya bin ɗan fari gida, haka na sani. Ƙaramar 'yata na sa ta turo mini adireshin, ta turo shi da alamun tambaya a jere.

Ana yayyafi na isa Lozells. Layin kamar yadda tsohon ya faɗa, gidaje manne da juna, ƙofa kusa da ƙofa. Na gaya wa kaina ai duk layukan unguwar haka suke. Na ƙwanƙwasa. Shiru. Na durƙusa na leƙa ta ramin da ake jefa wasiƙa, na ga keke jingine da bango, sai duhu.

Ƙofar maƙwabta ta buɗe, wata mata ta fito da jakar cefane, da ɗan gicciye a wuyanta. Ta dubi hulata ta ce, "Sannu, Baba," da Hausar Jos. Na ji sanyi a raina. Muka gaisa. Ta ce wa nake nema. Na ce, "Yaron da ke gidan nan." Ta faɗi sunan, na gyaɗa kai.

"Kawunsa ne kai?"

"Mahaifinsa."

Ta ja da baya har jakar ta bugi ƙofa. "Yesu! Baba, yi haƙuri. Don Allah yi haƙuri. Mu ai mun ɗauka..." Ta rufe baki.

"Kun ɗauka me?"

"Mama muna ganinta, da 'yan matan. Maigidana ya taɓa tambayarsa, ina Baba? Sai ya yi shiru ya canza magana. Shi ke nan muka ce Allah ya ji ƙai. Ni har a addu'ar marayu na taɓa sa shi a coci. Ka gafarce ni, Baba."

Na tsaya a layin nan ruwa yana sauka a hulata. Na dubi hannuwana, na motsa yatsu. A Manchester an binne shi, a nan an binne ni, kuma ba wanda ya yi wa wani ƙarya.

Ta shigar da ni falonta ta ba ni shayi da biredi. Duk motar da ta wuce sai na miƙe. Ta ce in zauna, ba da mota yake dawowa ba. Gari ya soma duhu, sai na ji ana murɗa makulli a ƙofar gefe.

Ga shi tsaye da jakar aiki a kafaɗa, ya fi yadda na san shi faɗi. Ƙafafunsa na fara duba. Takalman a jiƙe, da taɓo har idon sawu.

"Baba?" Jakar ta sauka ƙasa. "Mama ce? Me ya sami Mama?"

"Lafiyarta lau. Ta ina ka biyo?"

"What?"

"Ta ina ka biyo, na ce."

"Ta bakin canal. Kullum ta nan nake bi in na ajiye van, ya fi kusa. Baba, lafiya kake?"

Na zauna a dakalin ƙofarsa.

A ciki na ba shi labari duka. Hausarsa gurguwa, Turancina gurgu, muka haɗa muka kai. Da farko dariya ya yi har da riƙe ciki. "Wani tsoho ya kashe ni a rakoda, shi ne ka hawo coach? Baba, seriously?" Wayar kuma tun jiya ta mutu, ya bar caja a wurin aiki. Can sai dariyar ta tsaya.

"Da ya tambaye ka sunana, me ka ce?"

Na juya ina duban keken da ke jingine da bango.

"Yeah," ya ce.

Na ce ai ka san dalili. Ya ce ya sani, Mama ta yi masa bayani tun yana yaro, ɗan fari, sunan kaka, duk ya sani. "A makaranta malama ta ce maka wanne ne naka, ka nuna ni da haɓa. Na san dalili, Baba. Ina tsaye a wurin dai."

Na ce maƙwabciyarka ta ɗauka na mutu. Ya ce, "Ni ma ba na maganarka. A wurinka na koya." Ba da faɗa ya faɗa ba, shinkafa yake zuba mini a lokacin.

Ya ce ranar Asabar zai mayar da ni da kansa, yana son ya ga wanda ya kashe shi. Na zauna wurinsa har Asabar ɗin. Na ce kafin nan ya riƙa zagayowa ta titi. Ya ce to, irin to ɗin da ake yi don a ƙyale mutum.

Da hantsi muka isa gidan tsohon. Matar da ofis ya tura a madadina ta buɗe mana, ta ce mini ya ƙi cin komai, tun safe yana zaune a bakin tebur. Ta ɗauki jakarta ta wuce. Muka same shi a can, labule a sake, rakodar a gabansa.

"Kai ne," ya ce, da ya ji takuna. "Kai kaɗai?"

"Na zo da shi."

"Ban ji kowa ba."

Na waiwaya. Yaron ya tsaya a bakin ƙofa a kan kafet, ya harɗe hannuwa, ko numfashinsa ba a ji. Na yi masa alama ya yi magana. Ya dube ni kawai.

"Kai," na ce. "Gaishe shi mana."

Shiru.

"Mutum ɗaya nake ji a ɗakin nan ban da ni," tsohon ya ce. Muryarsa ta yi laushi, irin ta masu gaisuwar mutuwa. "Ba komai, abokina. Ni ma nakan ce ga ta nan tsaye a bakin ƙofar nan. Har magana nakan yi mata. Zauna."

Na san da gangan yaron yake yi. Na sani. Amma na dube shi a ɗakin nan mai duhu, fuskarsa ba motsi, takalman nan dai masu taɓo, sai na fara kokwanto. Na tuna matar da ta buɗe mana ƙofa ni kaɗai ta yi wa magana. Ko kallon inda yake ba ta yi ba.

Tsohon ya danna rakodar, jar wutar ta kama. Ya turo ta gabana.

Sunan mahaifina ne. Tun da na yi wayo bai taɓa fita daga bakina ba, a fasfo ma sunan garinmu na sa a bayan nawa. Na kira shi. Muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta wani yaro ce mai tsoron duka.

"Na'am, Baba."

Ban san ya iya wannan amsa ba. Ban taɓa jin ta a bakinsa ba.

Tsohon ya saki numfashi, ya rufe fuska da tafin hannu. Can ya ce, "Full stop," ya kashe. Yaron ya tako, katakon ƙasa ya yi ƙara a ƙarƙashinsa. Ya gaishe shi da Turancin Manchester, ya ce ya ji an jefa shi a canal, ya zo ya ji ko an tsamo masa jakar kayan aikinsa, don spana masu kyau ne a ciki. Tsohon ya yi dariya har da hawaye. Yaron ya kai hannu ga kujerar da ke kallon bango zai juyo ta ya zauna. Ni da tsohon muka daka masa tsawa tare, kowa da harshensa. Ya dube mu, ya ɗauki wata.

Tsohon bai kai ƙarshen sanyin nan ba. Littafin ya fito a bayansa, siriri, ba a gama ba. Ni ba zan iya da shi ba, yaron ne ya karanta. Ya ce a shafukan ƙarshe uban ya je bakin canal da rana tsaka ya yi kira, ɗan ya fito ya biyo shi gida a jiƙe, ya zauna a tebur aka zuba masa abinci, ba wanda ya tambaye shi inda ya je. Inda sunan ya kamata ya fito kuma an bar wurin fari. Na ce shi ya ce a yi haka? Ya ce da alama. Na ce to, daga ƙarshe dai ya san kunya.

Na tambaye shi ni fa, ina nan har ƙarshe? Ya ce ina nan, ina goge tukunya. Na sa shi ya sake dubawa.

Kayan tsohon an kwashe su an kai uni, har da duk abin da ya ɗauka a rakodar. Wani lokaci ina cikin bus sai in tuna muryata tana can cikin wani kwali. Wata rana wani ɗalibi zai danna, in kira yaron a ɗakin da ba ya ciki. Wannan ba na son tsawaita tunani a kansa.

Yanzu wayata yake kira kai tsaye, ranar Lahadi bayan azahar. In na ɗauka ba ya magana, jira yake. Wani makon in faɗi sunan. Wani makon in kasa, in ce, "Kai ne?" sai ya bar ni da shirun har sai na fara zufa. Ya ce ya daina bi ta bakin canal. Makon jiya da na ɗauka, na ji kukan agwagi a bayan shirun, da motsin ruwa. Ban tsaya gyaran murya ba, na kira shi.